Tsakon kwali da tsakon mai kiwon iri: me kuɗinka ke saya a kowanne?

Gwaggona da ke Rigasa ta taɓa sayen kwali guda na 'yan tsakin leyas, jajayen nan masu ƙwai, ta raine su a wani kango da ke bayan ɗakinta. Aka yi sa'a suka tashi lafiya. Suna shiga wata na biyar suka fara saka ƙwai, da abin ya kankama kuwa kullum sai ta kwashe kiret ɗaya da ɗoriya. Sai ta yi lissafin da kowa zai yi: iri ya yi kyau, ga shi a hannu, a kan me za ta sake miƙa wa dila kuɗi? Ta nemo farin kokaral, wato namijin leyas, irin nasu ta sake shi cikin kaji goma, ta tara ƙwai, ta zuba wa kajin Hausa biyu da suka yi kwanci. Kwana 21 aka sami 'yan tsaki, wasu jajaye wasu farare. Da yake an taɓa gaya mata cewa a wannan irin ja mace ce fari namiji, sai ta ware fararen ta rabar wa jikoki. Bayan 'yan watanni ga kusan rabin jajayen nata sun fara gwada cara. Matan da suka rage kuma da suka isa ƙwai, wannan ta yi yau ta yi gobe, waccan ta yi biyu ta huta uku.

Ta kira ni tana faɗa. "Kai ɗan nan, ashe tun farko algus mutanen nan suka yi mini." Na ce, "Gwaggo, ba wanda ya yi miki algus. Kajin da kika saya sun yi aikin da aka yi su dominsa. Wanda kika ɗora musu daga baya ne ba nasu ba."

Gardamar da ake yi a shagunan abincin kaji, tun daga Kawo har Sabon Tasha, wai tsakon kamfani ne ya fi ko na mai kiwon iri, yawancinta a kan irin wannan kuskuren take tafiya. Haja biyu ce daban. Kamfanin ƙyanƙyasa kaza yake sayar maka, wadda za ta yi maka aiki zagaye ɗaya ka sake komawa wurinsa. Mai kiwon iri, idan na gaske ne, tsatso yake sayar maka, wanda za ka ci gaba da fitarwa da kanka. Kowannensu yana da inda yake cin mutum.

Mu fara da kwalin. Kamfanin da sunansa ke jikin kwali ba shi ya samar da irin kazar ba. Buroilar da ake kawowa Kaduna, wato kazar nama, ko an ce maka Cobb 500 ce ko Ross 308 ko Arbor Acres, asalinta na hannun kamfanoni biyu ne: Cobb, mallakar Tyson Foods na Amurka, da Aviagen, mallakar EW Group na Jamus. A ɓangaren masu ƙwai, ISA Brown da Bovans na Hendrix Genetics ne da ke Holan, Lohmann da Hy-Line kuma na wancan EW ɗin. Su ke riƙe da tsatson asali, kuma ba sa sayar da shi. Abin da suke yi shi ne su ajiye gidaje huɗu na kaji, kowane gida an daɗe ana zaɓe a cikinsa don wata siffa, wannan don faɗin ƙirji da saurin girma, wancan don yawan ƙwai. Sai a haɗa gida na ɗaya da na biyu a sami uba, na uku da na huɗu a sami uwa. Kamfanoninmu na Najeriya iyayen nan suke saye, ko kakanninsu, su raine su, su tara ƙwansu su zuba a inji. Kwana 18 injin na juya ƙwan a zafin da ya kai kusan digiri 37.5, kwana ukun ƙarshe a mayar da shi inda zai fashe. Tsakon da ya iso hannunka jikan gidaje huɗu ne.

Duk manomin masara a Saminaka ko Giwa ya san wannan labarin ta wata hanyar. Irin kamfani yana ba da amfani mai yawa a shekarar farko, kowane zangarniya kamar ɗan'uwansa, amma in ka ɗebi iri daga abin da ka girbe ka shuka baɗi, gonar za ta fito wani dogo wani gajere. Haka kaza take. Ƙarfin da ake samu idan an haɗa gidajen da ba su da dangantaka a zuriyar farko yake cika. Da ka haɗa 'ya'yan da junansu, siffofin kakanni sai su sake warwatsuwa, kowane tsako ya ɗauki nasa rabon. Launin da ke bambanta mace da namiji ranar ƙyanƙyasa ma daga wannan haɗin na farko yake zuwa, jan uba da farar uwa, shi ya sa ya rikice wa Gwaggo. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a kajin kwali ana ganin haka. Sai dai a yi adalci: jikokin nan ko da sun rage, sun fi kazar Hausa ƙwai nesa ba kusa ba. Abin da aka rasa shi ne daidaito, kuma mai kiwo don kasuwa a kan daidaito yake gina lissafinsa.

Masu raina kajin kamfani su ce wai ba iri ba ne, allura ce ke kumbura su, sun yi kuskure. Babu kazar da aka yi wa zaɓe mai tsanani a duniya kamar ta kwalin nan. Masana a Jami'ar Alberta da ke Kanada sun wallafa wani gwaji a 2014, inda suka raini irin buroila na 1957 da na 1978 da na 2005 a wuri ɗaya da abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905, ta 1978 giram 1,808, ta 2005 kuwa giram 4,202. Babu allura a ciki, iri ne kawai. Yau buroila mai kyau tana haura kilo biyu a mako shida da abincin da bai wuce kilo huɗu sosai ba, wato kwali guda na hamsin zai ci buhu takwas ko kusa da haka. Leya kuma takan zuba ƙwai kusan 300 a shekararta ta farko, alhali kazar Hausa da ke yawo a tsakar gida tsakanin 40 ne da 60, saboda tana tsayawa ta yi kwanci ta yi reno.

Amma an biya wannan saurin da wani abu. Naman buroila ya fi ƙarfin ƙafarta da zuciyarta. Wanda ya taɓa riƙe su cikin zafin Maris da Afrilu a Kaduna ya san yadda ake shiga ɗaki da la'asar a tarar da mafi girmansu ta kwanta rigingine, ba ciwo ba komai. In ka ce za ka ajiye su ka fitar da iri, ƙiba za ta hana zakaran hawa, domin su iyayen nasu a gonar kamfani auna musu abinci ake yi kamar magani. Leya kuma an cire mata ɗabi'ar kwanci kusan gaba ɗaya. Ba ta san tona ba, ba ta san shirwa ba, ranar da abinci ya canza ƙwai ya ragu.

Babbar matsalar tsakon kwali a garin nan, a ganina, tana kan hanya ne da hannun 'yan tsakiya. Manyan kamfanonin ƙyanƙyasa da yawa a Ibadan da kewayenta suke, inda aka saba fitar da tsaki ranakun Litinin da Alhamis. Daga can zuwa Kaduna tafiyar fiye da kilomita 600 ce, cikin motar da aka jera kwalaye har rufi. Abin da ke riƙe tsakon shi ne ragowar gwaiduwar da ya haɗiye kafin ya fito, wadda za ta iya kai shi kamar kwana uku ba ci ba sha, amma ba ta kare shi daga zafi da rashin iska. Kwalin da ya zauna a tsakiyar lodi da wanda ke gefen taga kamfani ɗaya suka fito, sakamakonsu kuwa ba zai zo ɗaya ba. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe masana'antar Olam a ƙaramar hukumar Chikun a watan Satumban 2017, wadda aka gina don fitar da tsaki miliyan 1.6 a mako, mutanen Kaduna sun sami zaɓin da ba sai ya kwana a hanya ba. Duk da haka har gobe ana lodin Ibadan, musamman idan Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, kowa yana neman kajinsa su isa yanka a kan lokaci, farashi ya tashi, tsakon da a da za a ware a matsayin rarrauna ya sami mai saye.

A irin wannan lokacin ne ake sauya kwali. Kwalin kamfani mai suna ba ya ƙarewa a bola, akwai mai tsintarsa. Kuma farin kokaral ɗan kwana ɗaya, wato namijin leya da ake sayarwa da araha, ga wanda bai saba ba kamar buroila yake. Sai an yi mako biyu ana zuba sitata, abincin farko na 'yan tsaki, a ga kaza tana tsawo ba ta faɗi. Maganin wannan dila ne mai shago wanda za ka iya komawa wurinsa, sannan ka buɗe kwalin a gabansa. Ka juya tsakon ka duba cibiya, ta kasance a rufe a bushe, babu baƙin ƙulli. Ka taɓa ƙafa, ta kasance da laushi da sheƙi, in ta bushe kamar kara ƙishirwa ta riga ta ci shi. Ka kwantar da shi rigingine a tafin hannunka, lafiyayye kafin ka ƙirga uku ya miƙe. Ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Masu sana'ar suna ɗaukar mutuwar da ta haura ɗaya cikin ɗari a makon farko a matsayin alamar cewa akwai abin dubawa, ko a tsakon ko a ɗumamar da ka yi masa.

Yanzu mai kiwon iri. A nan nake so in daɗe, domin sunan ya yi arha. Duk wanda ya sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola ya ajiye manyan kajin nan Birahma guda uku a lungun gidansa, gobe za ka gan shi a Facebook yana kiran kansa mai fitar da iri. Wannan mai yawaita kaji ne kawai. Kiwon iri zaɓe ne, zaɓe kuwa yana nufin ƙi. Mai yin sa da gaske ya san uban kowane tsako da uwarsa, ya sa musu zobe a ƙafa, yana da littafin da yake rubuta nauyi da yawan ƙwai da ƙwai nawa suka zama baragurbi. Cikin abin da ya ƙyanƙyashe ƙalilan yake barin su haihu, sauran na tukunya ne, ko da sun yi kyau a hoto. Tsadar kazarsa daga nan ta fito: kana biyan kuɗin waɗanda ya ciyar wata shida sannan ya ƙi su.

A Amurka, inda aka samar da Birahma tun tsakiyar ƙarni na 19 daga manyan kajin da aka shigo da su daga Sin, akwai ƙungiyar masu kiwon kaji da aka kafa a 1873, wadda tun 1874 take da littafin siffofin kowane iri. A ma'auninta zakaran Birahma kusan kilo biyar da rabi ne, da gashi har yatsu, da ƙaramin zanko mai layi uku. A kasuwarmu kuwa idon mai saye ne alƙali. Ga kuma inda ake shammatar mutane: gashin ƙafa da wannan ƙaramin zankon siffofi ne masu rinjaye, wato in zakaran Birahma ya hau noila, kazar haɗin nan ta nama da ƙwai, yawancin 'ya'yan za su fito da su. Tsakon mako biyu ba zai gaya maka rabi ne ba. Sai ya yi wata bakwai ka ga ya tsaya a inda ya tsaya, lokacin mai sayarwa ya canza lamba.

Ko da irin na gaskiya ne, akwai auren gida. Mutum ya fara da zakara ɗaya da kaji biyu, waɗanda su ma watakila uwa ɗaya uba ɗaya ne. 'Ya'ya suka tashi, uban ya hau su, jikoki suka tashi, aka ci gaba. Zuwa zuriya ta uku ko ta huɗu ƙwai ya fara ƙin fashewa, yatsu suna karkacewa, jiki yana raguwa, mai kajin yana ta zargin inji da wutar lantarki. Masu sanin abin suna ajiye akurki uku ne aƙalla. 'Ya'ya mata suna zama a gidan uwarsu, zakarun da aka zaɓa kuma kowace shekara su matsa akurki na gaba. A nan ango ne ke tarewa. Idan ka je wurin mai kiwo ka ga akurki ɗaya, ka tambaye shi daga ina zakaransa ya zo da kuma yaushe ya shigo da sabon jini, amsar da zai ba ka ta ishe ka.

Sai cuta, wadda ta fi duka hatsari. Akwai cututtukan da ke bin ƙwai daga uwa zuwa tsako, irin su taifot na kaji da farin zawon 'yan tsaki da murar nan mai kumbura fuska da ba ta jin magani. Kaza tana iya warkewa a ido ta ci gaba da zuba ƙwayar cutar a ƙwanta har ta mutu. Babban kamfani yana da likitoci da gwajin jini, ba ya barin kowa ya shiga wurin iyayen, kuma galibi yana yi wa 'yan leyas rigakafin cutar Marek, mai shanye ƙafa, tun ranar farko. Wannan rigakafin a kwalba mai allura dubu yake zuwa, kuma da an haɗa shi cikin awa ɗaya ko biyu ya lalace, don haka mai tsako talatin da wuya ya yi shi. Rigakafin Lasota, na annobar da ke share kaji lokacin hunturu, da na cutar Gumboro dai ana samunsu, har da na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, matuƙar ba a bar su sun yi zafi a hanya ba. Mutanen Kaduna bai kamata a koya musu tsoron shigo da kaza ba: a wata gona da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006. Duk kazar da ka sayo, komai kyanta, ta yi aƙalla mako biyu a keɓe, wata guda ya fi. Ni har na fi yarda da mai kiwon da zai hana ni shiga akurkinsa da takalmina fiye da wanda zai ce in shiga in zaɓa.

Wasu don gudun tsada ƙwai suke saye su ƙyanƙyashe. Ƙwan da ya haura mako guda a ajiye ya fara rage ƙarfi, wanda ya sha rana a tashar mota ko ya sha jijjiga daga Kano kuma sai addu'a. A rana ta bakwai zuwa ta goma ka haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, mai rai za ka ga jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo. In fiye da rabi suka fito fayau, ko dai zakaran ya yi wa kajin kaɗan, domin ƙa'ida ɗaya ne ga takwas zuwa goma, ko kuma ƙwan ya tsufa kafin ya iso.

Ta fuskar kuɗi maganar gajeriya ce. Abinci ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Wanda ke son ya sayar wa masu gasa kaji da gidajen abinci, ko ya riƙa kai kiret shago, ba shi da abin da ya wuce kwali, domin babu wata kazar iri, Birahma ko Sasek, da za ta mayar da buhun abinci nama ko ƙwai kamar yadda ta kamfani ke yi. Birahma sai ta yi wata shida ko bakwai kafin ta fara ƙwai. Ribarta a sayar da 'ya'yanta ga wasu masu sha'awa take, kasuwar sha'awa kuwa yayi ce, da kowa ya samu farashi ya sauko.

Akwai na tsakiya. Noila, wadda wasu ke kira maja, kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ya fitar da ita don nama da ƙwai tare, tana iya tona, tana jure abincin gida. Shika Brown a nan kusa da mu aka samar da ita, a cibiyar binciken kiwon dabbobi, NAPRI, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, an zaɓe ta cikin zafinmu da cututtukanmu. FUNAAB Alpha kuma aikin Farfesa Olufunmilayo Adebambo ce a Abeokuta, ta yi shekaru fiye da ashirin tana haɗa kajin gida da na waje kafin a yi mata rajista a 2018. Wannan shi ne kiwon iri na haƙiƙa, kuma ka ga tsawon lokacin da yake ci. Sai dai mai sayen noila ko Shika Brown ya sani su ma haɗi ne, jikokinsu ba za su tsaya a kan siffa ɗaya ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kazar da ta fi cancanta a yi wa wannan hidimar ita ce ba mai kula ta. Kazar Hausa tana haifar irinta, tana kwanci, tana reno, tana gane inuwar shirwa, kuma a kasuwar kaji kuɗinta bai taɓa faɗuwa ba saboda ɗanɗano. Amma dubi yadda muke yi mata. Baƙo ya zo, wane zakara ake kamawa? Mafi girma. Sallah ta zo, wanne ake kai wa kasuwa? Mafi girma. Wanda ya rage yana hawan kaji shi ne ƙanƙanin da ba wanda ya so. Shekara da shekaru muna zaɓe, amma ta baya muke yin sa, sannan mu ce kazar Hausa ba ta girma. Kajin Fulani da ake gani a rugage sun fi na cikin gari jiki, wanda ya nuna akwai abin da za a gina a kai. Mai son ya zama mai kiwon iri a Kaduna zai iya farawa da sikeli da littafi da rigakafin annobar da ke share kaji lokacin hunturu, ba sai ya nemo kazar da aka yi don sanyin Amurka ba.

Gwaggo dai ta koma wurin dilanta, duk shekara ɗaya da rabi tana sayen sabon kwali, tsofaffin ta sayar da su gab da Sallah. Kajin Hausan kuma ta raba musu wuri. Da na je gaishe ta kwanakin baya na ga wani ƙaton jan zakara da ƙyalle ɗaure a ƙafarsa. Na tambaya, ta ce alama ce ga yaran gidan: ko wane ne ya zo, a kama wani, ban da wannan. Ta kuma aika Rigachikun wurin wata ƙawarta a karɓo mata wani zakaran, don wanda ke gidan ya kusa fara bin 'ya'yansa.